Shirun da Ke Tsakiyar Waƙar Gambuwa

Tun da na dawo daga Bahiya, can hayin teku, ba a bar ni na huta ba. In na zauna a rumfar goro a tambaye ni, in na fito daga masallaci a tambaye ni. Har Malam Isa majemi, wanda ba ya shiga harkar kowa, ya tare ni a hanya yana so ya ji ko gaskiya ne can ma ana soya ƙosai. Na ba wannan guntu, na ba wancan guntu, sai ga labarin yana dawo mini da abubuwan da ban faɗa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya tun daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Kun san ni da goro a nan Ikko, amma ni ɗan makaɗi ne. Ubanmu gangar noma yake kaɗawa a wani ƙauye a kudancin Zazzau. Wana, Yaya Ilu, shi ne mai murya a gidan. In ana gayya yakan ɗaga waƙa ya ce, “Gambo, ina ka tsaya?” ni kuma in amsa daga bayan manoma, “Ga ni a kunya, ban gaji ba.” Waƙar ke nan duka, sauran ganga ce ke cikawa. Ina da shekara goma sha ɗaya mahara suka faɗo mana a gona da hantsi. Na faɗa cikin dawa na kwanta. Shi suka kama shi. Suna jan sa da igiya ya ɗaga waƙar nan har sau uku, yana barin gurbin amshina, ni kuma bakina na cikin ƙasa ban ce uffan ba. Shekara arba'in na yi ina ɗauke da wannan: wana ya kira ni a ranar da ya fi bukatata, na ƙi amsawa.

Bara waccan maƙwabcina, ɗaya daga cikin Agudan nan da suka dawo daga Bahiya, ya aurar da 'yarsa, ya kira makaɗansu masu ƙahonin tagulla. Ina zaune ina raba goro sai na ji karin waƙarmu yana fitowa daga bakin ƙaho. Sun sa mata sauri, sun yi mata ado da yawa, amma ita ce. Da suka zo wurin amshi sai duk suka ɗauke wuta, daidai tsawon abin da nakan faɗa, sannan suka ɓarke da kiɗa kamar an yi musu albishir. Na tashi na sami shugabansu. Ya ce sunanta Gambuwa, tsohuwar waƙa ce, a wurin wanzaman Bahiya ya koye ta. Na ce to shirun nan fa? Ya ce, “Haka muka same ta, Baba.” A ranar na ƙudurta cewa in Yaya Ilu na da rai, sai na je na ba shi amsarsa.

Salu ne ya yi mini hanya, wani Bayarabe Musulmi mai fataucin goro zuwa can, wanda ya iya harshen Turawan ƙasar. Ya ɗauke ni in kula masa da kaya. Jirgin irin wanda iska ke turawa ne, mun yi kwana arba'in da ɗoriya a kan ruwa. Aikina kullum in kwance huhun goro, in tsince wanda ya fara ruɓa, in yayyafa ruwa, in mayar da ganye. Ruwan sha aunawa ake yi, saboda haka ni da goro muke raba rabona, kuma goron ya fi ni samu. Kwana biyar na farko ban san inda kaina yake ba don amai. Salu yana ta yi mini dariya, yana cewa Bahaushe da ruwa sai alwala. Abin da ya fi damuna shi ne shiga cikin cikin jirgin, inda aka jibge kaya. Ba tsawon da mutum zai miƙe, ba iska. Duk shigar da na yi sai na tuna a irin wannan wuri aka kwantar da wana, sai in gama aikin a gurguje in fito.

Garin hawa biyu ne, ɗaya a bakin ruwa, ɗaya a kan tudu, da hanyoyi masu gangara kamar an jingina tsani. Kafin mu sauka Salu ya sa na cire layun da ke damtsena na tura cikin huhu. Ya ce tun boren da Musulmin bayi suka yi shekaru da yawa da suka wuce, rubutun Arabiyya a jikin baƙin mutum fitina ne. Na yi yadda ya ce. Amma bai gaya mini zancen takalmi ba. Da muka zo ɗakin da ake duba takardun baƙi, na tuɓe takalmana a bakin ƙofa kamar yadda mai tarbiyya ke yi in zai shiga gaban hukuma. Jami'in ya dubi ƙafata, ya juya ga Salu ya tambaye shi wane ne ubangijina. Salu ya fita da gudu ya kwaso takalman ya dire mini.

“Sa su, Malam Gambo, kuma kada ka sake cirewa sai za ka kwanta. A nan bawa ne ke tafiya ba takalmi. Ɗa kuwa ko ƙafarsa na ciwo sai ya sa.”

Jami'in ya tambayi sunana, na faɗa, ya yi murmushi ya rubuta Gambuwa. Salu ya ce sunan wata gaɓar ruwa ne a garin, inda masunta suke. Haka na shiga Bahiya da sunan waƙar a takardata.

Mun sauka a ƙasan wani dogon gida kusa da dandalin da suke kira Falorinyu. Masu gida suna sama, baƙaƙe suna ƙasa, ɗaki ɗaya an raba shi da allunan katako, mutum tara a ciki. Ƙararrawar coci ba ta barin kunne ya huta, kowace unguwa da tata. Abinci kuwa garin rogo ne safe da yamma, sai busasshen nama mai gishiri. Malam Isa, ƙosai gaskiya ne, amma da manja suke soya shi, su tsaga cikinsa su cusa barkono da jatan lande. Akwai kuma wata shinkafa da nama da suke kira shinkafar Hausa. Na ci, ta yi daɗi, amma ban taɓa ganin irinta a ƙasar Hausa ba. Na tambayi mai sayarwa ko akwai Hausawa a unguwar, ta ce da akwai da yawa, yanzu sai ɗaiɗai, duk sun tsufa.

Ban san sunan da aka sa wa wana a can ba, ban san ko yana da rai ba. Abin da nake da shi kawai waƙa ce, saboda haka na bi ta da baya, daga hannu zuwa hannu.

Na fara da wanzamai. A wurinmu wanzami daban, makaɗi daban, kowa da gidan da ya gada. A can mutum ɗaya ne yake aski da safe, ya yi ƙaho da rana, da yamma ya ɗauki ƙahon busa ya tafi ƙofar coci. Shugabansu, Benditu, haifaffen garin ne, mai fara'a da son a yaba masa. Da Salu ya gaya masa abin da nake nema, ya bar wani mutum da rabin gemu ya tara abokan aikinsa suka busa mini Gambuwa. Gaskiya sun iya. Akwai wani mai sarewa da yake bin karin ta sama, yana lanƙwasa shi yadda ubanmu ma zai gyaɗa kai. Amma sun mayar da ita waƙar rawa, ba wanda zai iya noma da wannan saurin. Na gaya wa Benditu haka, ya ce ai ba noma suke yi ba. Ya ce waƙoƙin da ake yayi yanzu wata uku suke yi a manta da su, wannan kuwa tun yana ƙarami ake neman ta, kuma duk daɗinta a wurin tsayawar nan yake, domin masu rawa sukan tsaya da ƙafa ɗaya a sama suna jira. Ya ce ubansa a wurin masuntan Gambuwa ya ɗauko ta, waƙar gaɓarsu ce.

Washegari muka gangara can, ta wata hanya da sai da na kama ciyawa da hannu. Na zame sau biyu, takalmin da aka hana ni cirewa ya tsinke, na ɗaure shi da igiyar taru. Mun tarar da masuntan suna jan taru, mutum kusan ashirin a igiya ɗaya. Ba ƙaho, ba ganga, sai murya da ƙafa. Tasu ta fi kusa da tamu, a hankali, mai nauyi, kowane ja da gaɓarsa. A wurin shirun sukan saki numfashi su gyara riƙo. Baitocin kuwa duk na Turancin can ne, zancen kifi da iska. Wani tsoho mai ido ɗaya ya saurari tambayarmu, ya yi tsaki ya ce wanzamai ba su san komai ba. Ya ce waƙar ba ta gaɓar ba ce, sunan ne ya yi kama, sai mutane suka liƙa mata. Su ma a bakin 'yan dako suka tsince ta, lokacin da suke zuwa ɗaukar gangunan man kifi.

'Yan dakon garin ƙungiya ƙungiya suke, kowace da kusurwar da take zama da shugabanta. Kwana huɗu muna zagaya su. A kan gangaren da suke kira Ladera da Farasa muka ci karo da mutum takwas ɗauke da wata babbar ganga ta giya a rataye jikin sanduna, suna hawa, gumi na zuba. Na gaba ya ɗaga murya ya ce, “Gambu na ka saya.” Sai shiru, ba ka jin komai sai tafin ƙafar mutum takwas a kan dutse. Sannan duk suka amsa da wata kalma ɗaya mai tsawo, wadda sai da na ji ta sau uku na gane alhamdu lillahi ce ta lalace a baki. Na zauna a bakin hanya.

Shugabansu, Baba Ojo, dattijon Bayarabe ne, ni kuma zaman Ikko ya koya mini Yarabanci, saboda haka na yi magana da shi baki da baki. Ya ce waƙar Domingu ce, Bahaushen da suka yi dako tare shekara ashirin. Ya ce yana da rai, ya fanshi kansa tuntuni, amma idonsa ya tafi, hankalinsa ma yana zuwa yana komawa. Ya kwatanta mini gidan, a hanyar Bitoriya. Na miƙe zan tafi ya riƙe hannuna.

“Ka fara ganin matarsa, Iya Luziya. Tana soya ƙosai a bakin titi. Kada ka shiga sai ka yi magana da ita.”

Na ce to. Amma da na isa bayan la'asar ba ta wurin, kaskon ne kawai a kan murhu. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Na leƙa na ga tsoho a zaune kan tabarma, ya jingina da bango, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu saboda sandar dako. Tsagar gidanmu tana fuskarsa. Na tuɓe takalmana, don ba a shiga wurin babban wa da takalmi, na shiga na durƙusa. Kafin in yi sallama ya ɗaga kai, ya ji motsi, ya ɗauki waƙar da wata siririyar murya.

“Gambo, ina ka tsaya?”

Shekara arba'in amsar tana maƙogwarona. Na ce, “Ga ni a kunya, ban gaji ba.”

Na ɗauka zai rungume ni. Amma ba haka aka yi ba. Ya miƙo hannu yana lalube, ya taɓa fuskata, ya bi tsagar da yatsa, ya gangara har ƙafata. Ya shafa ta ya ji ba takalmi.

“Inna lillahi,” ya ce. “Sun kamo ka.”

“Yaya, ba wanda ya kamo ni. Da ƙafata na zo.”

“Sun kamo ka. Na ce ka yi shiru, Gambo. Me ya sa ka amsa?”

Na jawo takalman na sa masa a hannu, ya ture su. Yana kuka yana cewa in gudu in koma cikin dawa. A haka Iya Luziya ta shigo da tulun ruwa ta same mu. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana. Ta kwantar da shi, ta rufa masa zane, ta ja ni waje. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce tun da aka kawo shi garin, duk sanda ya ji an sauke sababbin bayi, sai ya nemi dakon da zai bi da shi ta ƙofar gidajen da ake ɓoye su. In ya zo daidai wurin sai ya ɗaga waƙar, ya yi shiru, ya kasa kunne. In ba wanda ya amsa daga ciki sai ya ce alhamdu lillahi, ƙanena bai shigo ba. Abokan dakonsa suka riƙa taya shi sauraro, su taya shi godiya, har abin ya zama waƙarsu. Jiragen bayi sun daina zuwa tuntuni, amma shi a kansa ba su daina ba.

Na ce, “To ranar da aka kama shi fa? Sau uku ya kira ni.”

Ta ce, “Ya ba ni labarin ya fi sau ɗari. Maharan sun tambaye shi ko da wani a gonar, ya ce shi kaɗai ne. Suka ce ya yi kira su gani. Ya san in ya kira sunanka kawai za ka fito da gudu, shi ya sa ya sa shi a waƙa, yana roƙon Allah ka gane. Kullum cewa yake yaron nan akwai hankali, ko tari bai yi ba.”

Ni ban gane komai ba a ranar. Tsoro ne kawai ya rufe mini baki. Na zauna a gefen murhunta na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Abin da na ɗauka shi ne babban laifina a duniya, shi ne abin da wana ya rayu da shi a ƙasar nan. Ni kuma na ƙetare teku na ƙwace masa shi cikin numfashi ɗaya.

Kwana biyu bai ci abinci ba, yana ta tambaya wa ya saye ni, a wane gida nake. A rana ta uku ya wayi gari abin ya goge daga kansa. Iya Luziya ta ce in zan shiga in shiga da takalmi, kuma in shiga a matsayin baƙo. Na shiga, takalmin na ƙara a daɓe, raina bai so ba. Ya ji motsi, ya ɗauki waƙar. Na cije leɓe. Na ƙirga tsawon amshin a zuci, kamar yadda wanzamai da masunta da 'yan dako suke yi ba tare da sun san me suke ƙirgawa ba. Fuskarsa ta saki.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Wane ne?”

“Baƙo ne daga Ikko, Baba. Fatake ne mu, goro muka kawo.”

“Bahaushe? Zauna, zauna. Luziya, kawo masa ƙosai.”

Mako uku na yi ina zuwa kullum da hantsi. Hausarsa ta cakuɗe da Yarabanci da Turancin can, amma in ya shiga zancen gida sai ta wanke tas. Na kai masa farin goro, ya daɗe yana shinshina shi kafin ya ɓare. Na ce masa na san wani Gambo a Ikko, mutumin Zazzau, ɗan makaɗi. Ya kama hannuna ya ƙi saki. Na ba shi labarin kaina kamar na wani: yana da rumfa a kasuwa, yana da mata da 'ya'ya huɗu, babban sunansa Iliyasu. Ya sa na maimaita sunan. Ya tambaya ko Gambon ya yi ƙiba, na ce a'a, yana nan kamar kara. Ya yi dariya har da tari. Washegari ya manta, in sake ba shi daga farko, ya sake yin murna sabuwa. Ban taɓa gajiya da ba da labari ɗaya ba kamar yadda nake gajiya da wannan da nake ba ku, amma wancan ko sau dubu ne zan ba da shi.

Na yi wa Iya Luziya zancen in tafi da su gida. Ta ce ba zai kai ba, kuma in aka sa shi cikin jirgi zai ɗauka an sake sayar da shi. Na san gaskiya ta faɗa. Takardata ma ta kusa cika, Salu ya gama sayar da goro ya yi lodin taba.

Ranar da zan tafi na je sallama. Ya yi waƙarsa, na yi shiruna, ya yi godiyarsa. Na ce masa yau jirginmu zai tashi, ko yana da saƙo. Sai ya sunkuyo ya laluba ƙafata, ya ji takalmin nan mai ɗaurin igiyar taru, ya gyaɗa kai.

“Kai ɗa ne, za ka isa. In ka ga Gambo ka ce ina gaishe shi. Ka ce ina lafiya, ina da mata, ba na dako yanzu.” Ya ƙara matso da bakinsa kusa da kunnena. “Ka ce masa kada ya zo nemana. In ya ji ana kira, ko da muryata ce, ya yi shiru.”

Na ce, “Zai ji, Baba.”

Dawowa ta fi tafiya sauri, ko kuwa ni ne ban lura da kwanakin ba. Da shugaban makaɗan Agudan nan ya ji na dawo, ya zo har rumfa ya ce tunda na gano asalin Gambuwa, in ba su baitin da ya ɓace su cike gurbin, waƙar ta cika. Na ce masa a cike take. Jiya da yamma sun wuce ta bakin kasuwa suna busa ta, za su wani biki. Ina cikin ƙirga wa wata mata goro suka zo wurin tsayawa. Na tsaya da hannuna a cikin huhu har suka ɓarke da kiɗa, sannan na ci gaba da ƙirga.